Makon Mawadda a Rumfar Masu Auduga

Ku zauna tukuna. Kun shigo mini gida ku huɗu, ko shayin da aka zuba muku ba ku kurɓa ba, kuna ta tura mini waya a fuska. Wai za ku yi bikin ƙauna a tsohuwar kasuwar unguwa don ta farfaɗo, za a rataye jajayen fitilu, za a kawo masu zane, ni kuma in zo in zauna a kusurwa da bakan shiɓa a yi ta ɗaukata hoto. Duk wannan bai ɓata mini rai ba. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro maganar da kai mai tabarau ka yi ce, wai aikin munajjid ba wani abu ba ne, auduga ce ake cusawa a buhu a ɗinke baki. Tayyib, ba laifi. Tun da kun zo, sai kun ji.

Munajjid shi ne mai yin katifa da matasai da lihafi, wato bargon nan mai auduga a ciki. Shekara hamsin da ɗoriya ina wannan aiki, har mutanen unguwar Hindawiyya ta nan Jidda suka manta sunan ubana, sai dai Usta Sa'idu, wato gwanin sana'a. A unguwar Ruwais aka haife ni. Kakana ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Hausa, ya yi hajji, ya zauna. Ina ɗan shekara goma sha uku ubana ya kama hannuna ya kai ni wurin Usta Mamman, wani Bahaushen Sudan mai ƙaramin jiki da ƙarancin magana. A lokacin ba a daɗe da rushe ganuwar Jidda ba, ruwan sha ma saƙƙa ne ke bi gida-gida da shi, garwa biyu a sanda bisa kafaɗa.

Shagon Usta Mamman yana cikin wata doguwar rumfa mai rufin kwano a Hindawiyya, muna ce mata Saƙifa. Ƙofa biyu gare ta, gabas da yamma, shaguna na fuskantar juna. Akwai mu masu auduga, akwai kafintoci masu yin gado da akwatin amare, akwai teloli, akwai mai turare, akwai mai rubutun allon shago. Duk wanda zai aurar da 'ya a wannan yanki sai ya ratsa Saƙifa daga wannan ƙofa zuwa waccan, ya fita da ɗakin 'yarsa cikakke.

Shekara biyu na yi ban taɓa allura ba. Aikina tsintar angurya da ƙasa da karan da ke cikin auduga, wadda ake saukewa daga jirgin ruwa a matse kamar dutse. Bayan nan aka ba ni baka. Wannan da kuke so in riƙe a yi hoto, ya fi ni tsawo a lokacin. Tsirkiyarsa hanjin rago ne da aka murɗa. Ana rataye shi da igiya daga sama, ka durƙusa, hagu na riƙe da baka, dama na riƙe da gudumar katako. Ka nutsa tsirkiya cikin auduga ka buga, ta yi kuka, audugar ta tashi kamar kumfa. In ka buga da ƙarfin banza, zaren audugar ya tsinke ya zama gari. In ka yi sanyin hannu, dunƙule ya tsira. Ga laimar tekun Jidda: tsirkiyar da ka ɗaure da hantsi, kafin azahar ta saki, sai ka sake ɗaurewa da kunne, domin kukanta ne ke faɗa maka ta yi ko ba ta yi ba. Ka ɗaure hanci da ƙyalle, duk da haka ka koma gida kana tari kana fitar da farar ƙura. Wannan shi ne buhun naku.

Katifar farko da na yi ni kaɗai ta wata amarya ce a Ruwais. Kwana uku na yi a kanta. Na ɗinka rigar ciki da akoko, na shimfiɗa auduga hawa-hawa, na bi ta da sanda na daidaita, na kafe ta da basilla da zare mai kakin zuma, sannan na sa mata rigar adalashi mai ruwan hoda. A idona babu kamarta a Jidda. Usta Mamman ya zo ya rufe ido, ya bi ta da tafin hannu daga kai zuwa ƙafa. A wani wuri hannun ya tsaya. Ya zaro wuƙa ya farke ta tsaf, ya sa hannu ya fito da dunƙulen auduga da bai fi ƙwan kaza ba.

Ya ce, "Sa'idu, yarinyar nan gidan ubanta za ta bari, ta shiga ɗakin da ba ta sani ba. Abin da zai fara karɓar bayanta shi ne wannan. Kai kuma ka ajiye mata dutse daidai kafaɗa."

Na ce, "Usta, ai ƙarami ne, ba za ta ji ba."

Ya ce, "Yau ba za ta ji ba. Bayan wata shida ya tara 'yan'uwansa. Yalla, maza, daga farko."

Daga farko na sake, har da shiɓar.

Iyayen amare kuwa, su ne jarrabawar da ta fi ta Usta. Uwa za ta zo da ƙanwarta da maƙwabciyarta, ta tura hannu cikin auduga har gwiwar hannu, ta ciro ta shinshina, ta ɗaga ta ga rana. Tana da gaskiya, domin akwai marasa tsoron Allah da ke sayen tsofaffin katifun masaukin alhazai, su haɗa audugar da sabuwa, da kuɗin cizonta da komai. Wani ya taɓa kawo wa Usta irinta buhu uku, Usta ya sa aka jefa masa su tsakiyar Saƙifa kowa ya gani. Ranar dabash, wato ranar da ake kai kayan ɗakin amarya, 'yan dako ke jeruwa da kayan a ka, a bi layi-layi ana guɗa. Duk unguwa za ta leƙo ta ga katifa da matasai, kuma kowa ya san hannun wa ya yi su. In ɗinkinka ya karkace, a kan titi za a yi maka shari'a.

Usta Mamman ya rasu ya bar mini shago da baka. Na yi 'yan shekaru ina cikin rufin asiri. Sai soso ya shigo.

Wajen shekarar dubu ɗaya da ɗari uku da casa'in ta hijira ne, ko kaɗan bayanta. Larabawa na ce masa isfinj. Aka buɗe shaguna masu gilashi a sababbin tituna, aka jera shi rawaya-rawaya, mara nauyi, mutum ya ɗauka da hannu ɗaya ya ɗora a kan mota. Ba jira, ba awo, ba mai tambayarka wa zai kwanta. Na je da kaina na danna shi. Na ce wannan abu a zafin Jidda dafa mutum zai yi, kuma cikin shekara biyu zai lotsa ya zama faranti. Ba wanda ya saurare ni. Matar da na yi wa 'ya'yanta uku kayan ɗaki ta wuce ta gaban shagona da ta huɗun, ta sunkuyar da kai kamar ba ta san ni ba.

A wannan shekarar kuma aka yi ruwan nan na Jidda da ba ya zuwa sai ya zo da faɗa. Rufin Saƙifa ya yoye daidai kan rumbun audugata. Audugar da ta sha ruwa ta yi wari ba ta da magani, da hannuna na kwashe ta na zubar. Babban kafintanmu ya rufe shago ya tafi tuƙin mota a gidan wani attajiri a Abhur. Teloli biyu suka bi shi. Rabin Saƙifa ya zama na kyanwoyi. Sai ga wakilin mai ginin, wani mai tsabtar riga da ba ya son ƙurar auduga ta taɓa shi, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce bayan aikin hajji kowa ya kwashe nasa, za a mai da wurin ma'ajiyar siminti.

Na ce masa, "Siminti? A inda aka yi wa rabin unguwar nan ɗakin aure?"

Ya ce, "Ya Usta, ka duba da kanka. Tun da na tsaya nan mutum nawa suka shigo? Wannan ba kasuwa ba ce kuma. Khalas, magana ta ƙare."

Wadda ta kawo shawara ba usta ba ce. Khala Zulai ce, wata dattijuwa da ke zama a ƙofar gabas tana sayar da rigunan matasai da ta yi wa ado da zaren siliki. Ta ji duk abin da wakili ya ce. Da ya tafi ta kira mu, mu da muka rage, ta ce, "Kun zauna kuna zagin soso. Soso na jin ku? Mutane sun manta abin da kuke yi ne. Ku nuna musu. Ku mai da shagunan nan da aka rufe su zama ɗakunan amare, mako guda. Duk ma'auratan da suka daɗe tare su kawo katifar aurensu a sabunta musu kyauta. Ɗakin da ya fi kyau kuma a bai wa marayun da za su yi aure."

Ita ta raɗa masa suna Makon Mawadda, wato makon ƙauna. To a nan ne aka fara cin zarafinmu. Wasu dattawa da ke zaman kan benci a bakin layi suka ce aib ne, wato abin kunya, ina aka taɓa kai maganar ƙauna kasuwa, a shimfiɗa gadon aure kowa na kallo. Ɗayansu ni na yi katifar da aka haifi 'ya'yansa bakwai a kanta. Na same shi na ce, "Amm, baffana, ranar dabashin matarka ba a kan titi aka bi da gadon nan ba? Ba kai ne ka riƙa tafiya a gaba kana baza riga ba? Yau ne ya zama abin kunya?" Ya ce in yi masa ladabi. Na yi masa, amma ban janye ba. Muka je wurin umda, mai unguwa ke nan, ya ji bayani, ya ce a yi, da sharaɗin mata su shigo da safe, maza bayan la'asar, a tashi kafin magariba.

Kada ku ɗauka rataye fitila muka yi muka zauna. Mako biyar muka yi muna shiri. Muka hau rufi muka toshe ramuka da kwalta. Muka wanke Saƙifa da ruwan da muka yi ta jidowa, muka shafe bango da farar ƙasa. Kafintan da ya tafi Abhur ya riƙa zuwa ranar Juma'a yana haɗa gadaje daga katakon da ya bari. Matan unguwa suka taru a gidan Khala Zulai suna ɗinkin furanni da tsuntsaye biyu-biyu a kan rigunan matasai. Mai rubutu, Usta Bashir, ya bi gida-gida yana tambayar waɗanda suka haura shekara talatin da aure, ya rubuta sunayen mazan da alkunyar matan a kan dogon farin ƙyalle, da Larabci da ajami, aka kewaye bango da shi. Ni kuma na yi ɗaki shida: katifa, matasan kai, matasan jingina, lihafi mai ɗinkin ganye. Yatsuna har suka daina jin zafin basilla.

Ranar farko mutane kaɗan suka zo, suna leƙe kamar masu tsoron a gan su. Rana ta biyu wata tsohuwa ta sa aka karanta mata ƙyallen, ta ji alkunyarta kusa da sunan mijinta, ta koma ta kwaso duk layinsu. Daga nan Saƙifa ta cika. Mai turare ya kunna gaushi a kowane ɗaki. Katifu suka yi ta zuwa a kan jakuna da kawunan mutane, ina farkewa a tsakiyar rumfa ina shiɓa a gaban kowa, yara da manya sun yi da'ira suna kallon audugar da ta yi shekaru a mace tana tashi.

Rana ta uku kuwa, wallahi har yau in na tuna sai jinina ya hau. Wani dillalin soso ya ji labarin taro, ya kawo motarsa ya tsayar daidai ƙofar yamma, ya jera kayansa, ya rataye wani jan ƙyalle shi ma, yana kiran mutane wai katifar masoya. Mu muka wanke wuri, mu muka tara jama'a, shi ya zo kwasa. Kuma wakilin mai gini na tsaye kusa da shi suna dariya. Na ajiye guduma na nufe su. Khala Zulai ta tare ni a hanya ta ce, "Ina za ka? In ka ɗaga murya, gobe umda ya rufe wurin nan, ka ba su abin da suke so. Koma kan bakanka." Na koma, amma audugar da na shiɓa a wannan sa'a ta sha dukan da ba nata ba.

Ina cikin haka sai ga Amm Jibo. Tsohon saƙƙa ne, shekarun ɗaukar garwa sun karkatar masa da kafaɗa ɗaya. Ya shigo da katifa a naɗe a ka, ya ratsa ta gaban dillalin bai ko dube shi ba, ya sauke a gabana. Da na farke bakin na ga ɗinkin, na san hannun Usta Mamman ne.

Ya ce, "Usta, ta aurenmu ce. Matata Hauwa shekara biyu ke nan ba ta tashi, ɓarin jikinta ya mutu. Ɗanmu ya kawo mata soso irin na wancan dillalin, don yana son ta, ya sa aka ɗaga wannan. Tun daga nan bayanta ke gumi, yanzu fata ta fara salewa. Ka gyara mata wannan."

Na ce, "Amm, sai na san yadda take kwanciya."

Wurin ya cika da maza, ga wakili ya matso yana kallo. Na ɗauka tsohon zai ja ni gefe. Bai ja ni ba. Ya durƙusa a kan rigar katifar ya fara nunawa da hannu. Ya ce a dama take kwana, domin hagun ne ba ta ji. Nan ƙugunta ke sauka, kuma ƙashin ya fito, yana son wuri mai laushi. Nan kafaɗa, kada ta nutse da yawa, numfashi ke yi mata wuya. Diddigenta na hagu ne ya fi saurin ciwo, yakan naɗe ƙyalle ya sa mata a ƙarƙashi. Ya ce sau biyar yake juya ta tsakanin asuba da isha'i, kuma gefen katifar ya zama mai ƙarfi, domin a nan yake kafa gwiwa in zai ɗaga ta. Ya faɗi duk wannan kamar mai ba da kwatancen hanya. Dattijon nan mai cewa aib yana cikin taron, na gan shi yana kallon ƙasa.

Na juya na ce wa dillalin, da ya biyo mutane ya shigo, "Kai mai katifar masoya, ka ji abin da ake so. Akwai shi a motarka?"

Ya juya ya koma wurin motarsa. Kafin a kira magariba ya kwashe kayansa.

Kwana biyu na yi a kan katifar Inna Hauwa, na bar sauran suna jira. Na shiɓe tsohuwar audugar sau uku, na ƙara sabuwa. Gefenta na shimfiɗa shi hawa tara, siriri-siriri, na rage a wurin ƙugu na yi masa kwari kaɗan, na cika a wurin kafaɗa. Gefen Amm Jibo na yi shi da tauri, na kafe bakin da layi biyu na ɗinki don gwiwarsa. Riga kuwa ban sa adalashi ba, yana riƙe zafi, alawayyo na sa da aka wanke sau biyu ya yi laushi. Khala Zulai ta ba da rigar matashi. Mutum huɗu suka raka shi da ita har gida, mata na guɗa daga tagogi kamar ranar dabash.

Ranar ƙarshe aka ba da ɗakin da ya fi kyau ga wasu marayu biyu 'yan Ruwais. Ban ce muku mun kashe soso ba. Soso ya ci kasuwa, har gobe yana ci. Amma iyayen amare sun dawo, ba duka ba, daidai waɗanda za su riƙe mu. Telolin nan biyu suka sake buɗe shagunansu. Aikin hajji ya zo ya wuce, muna jiran wakili da maganar siminti. Da ya zo, bai tsaya a ƙofa ba, ya shigo har cikin ƙurar da yake gudu, ya zauna a kan buhu, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce mahaifiyarsa na fama da ciwon baya. Na ce masa, "A wane gefe take kwana?" Bai sani ba. Na ce ya je ya tambayo. Ya je ya dawo washegari da amsa. Maganar siminti ba ta sake tashi ba sai bayan shekara bakwai, lokacin da aka faɗaɗa titi aka ci Saƙifa gaba ɗaya.

Amm Jibo kuwa, bayan wata goma sha ɗaya na sake ganinsa. Da hantsi ne, ina ɗaure tsirkiya, ya shigo da katifar nan a ka, ya sauke a inda ya sauke ta da farko.

Ya ce, "Usta, Hauwa ta rasu ranar Talata."

Na yi masa ta'aziyya.

Ya ce, "Matan da suka yi mata wanka sun ce babu miki ko ɗaya a bayanta. Na ce sai na zo na faɗa maka." Sannan ya ce, "Katifar ta yi mini faɗi yanzu. Ka rage ta, ta zama ta mutum ɗaya."

Na ɗauko wuƙa, na kama gefen da ta kwanta zan farke, tun da shi ne ba mai amfani da shi kuma. Ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "A'a. Nawa gefen za ka cire. Nata ka bar mini."

Na ce, "Amm, an yi shi ne daidai jikinta. Akwai kwari a wurin ƙugu, kai zai dame ka."

Ya ce, "Na sani. Ka bar shi yadda yake."

Na juya katifar, na farke gefensa, na kwashe audugar mai tauri, na ja bakin na ɗinke da layi ɗaya. Ban taɓa ko hawa ɗaya na gefenta ba. Kafin azahar ya naɗe ta, ya ɗora a kan kafaɗar nan tasa da ta karkace, ya fita ta ƙofar gabas.